Laccar Likita: Yadda Ake Hana Shanyewar Gindin Ƙwaƙwalwa Dawowa

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? To, madalla. Abubuwa huɗu zan faɗa.

Gindin ƙwaƙwalwa yana nan wajen ƙeya, inda ƙwaƙwalwa ta haɗu da laka. Numfashi, haɗiya, motsin ido, duk ta nan suke bi. Jijiyoyin jini biyu ne ke hawowa ta ƙashin wuya su haɗe su ciyar da shi. Idan jijiyar ta toshe ko ta fashe, shi ne shanyewar gindin ƙwaƙwalwa. Shi ya sa mai wannan ciwo yakan zo da jiri, gani biyu-biyu, tangaɗi, ruwa na shaƙe shi.

Na farko, hawan jini. Wanda ya taɓa samun shanyewar, muna son awonsa ya zauna ƙasa da 130 bisa 80. Yawanci ƙwaya ɗaya ba ta isa. Sai a fara da amlodifin, miligiram 5 zuwa 10, a ƙara wani a kai. Matsalar ita ce mutum ya ji sauƙi ya ajiye magani. "Likita, ai kaina ba ya ciwo." Malam, hawan jini ba ya sallama! Awon ya sauka ne saboda ƙwayar, ranar da ka daina zai koma inda yake. Ranar da ka daina, na sake faɗa. Sai gishiri: kada ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi ke nan, kuma dunƙulen miya yana cikin lissafin. Hajiya tana dariya, na san guda nawa ake jefawa. Yajin tsire ma haka. Magungunan ciwon gaɓɓai na kemis, irin su dikilofenak, suna tayar da hawan jini, a bar su.

Na biyu, maganin hana jini daskarewa. Sai hoton ƙwaƙwalwa ya nuna toshewa ce, don idan jijiya ce ta fashe, asfirin zai ƙara ɓarna. In toshewa ce ƙarama, akan haɗa asfirin da kilofidogiral kwana 21, sannan a ci gaba da ɗaya, miligiram 75 kullum. In jijiyar cikin kai ta tsuke sosai, haɗin yakan kai kwana 90. Zarcewa da biyun haka kawai na jawo zubar jini.

Na... ina muke? Kitsen jini: maganin rage shi atobastatin, miligiram 40 zuwa 80. Suga a daidaita, sigari a yar. Mai bugun zuciya marar tsari kuwa, asfirin ba ya wadatar masa, sai wafarin, maganin tsinka jini, da awon jini a kai a kai, ko sababbin irinsa.

Na'am, Baba? Yana tambaya ko a sa masa ƙarfen buɗe jijiya ya huta da ƙwayoyi. Baba, an gwada wannan a Amurka, sakamakon ya fito a 2011: a jijiyoyin cikin kai, waɗanda aka tsananta wa magani kawai sun fi waɗanda aka sa wa ƙarfen tsira daga sabuwar shanyewa. Kuma ko an sa maka, ƙwayoyin nan dai za ka ci gaba da sha. Kawo katin asibitin naka in duba bayan mun tashi.