Ƙadangaren da ke shawagi da haƙarƙarinsa

Assalamu alaikum. Na ga wasunku har yanzu da rigar sanyi, to ba ku kaɗai ba ne. Da na biyo ta Farin Gada da safen nan, na tarar da jan gwada a kan katanga ya baje ciki yana shan hantsi, ko gezau. Jikinsa ba ya yin ɗumi da kansa, sai rana ta gasa shi tukuna yake iya farauta. A gari irin Jos kuwa, da ke kan tudun da ya kai wajen mita 1,200, ƙadangare ba ya sammako.

Ɗan'uwansa na kawo muku yau. Danginsu ɗaya, Agamidae, kuma duk su biyun suna cikin dabbobin da Linnaeus, masanin nan na Suwidin, ya rubuta a 1758. Sunan da ya raɗa wa ɗan'uwan shi ne Draco volans, wato dodo mai tashi. Kada sunan ya tsorata ku. Dodon nan duka-duka tsawonsa kamar santimita 20 ne, kuma wutsiya ta cinye fiye da rabi. A kurmin Indonesiya yake, amma ire-irensa sun kai wajen 40, daga kudancin Indiya har Filifin.

Ku dubi hoton nan. Na baya, kuna gani? Madalla. Tsuntsu da jemage hannuwansu ne suka zama fukafukai. Shi wannan hannuwansa na nan da yatsunsu, ba abin da ya taɓa su. Haƙarƙarinsa ne suka yi tsawo, biyar ko shida a kowane gefe, fata ta lulluɓe su. Idan yana maƙale a jikin bishiya sai ya naɗe su kamar lema, launinsa ya saje da ɓawo, kana iya dafa reshen ba ka gan shi ba. Da ya yi tsalle sai lemar ta buɗe, ya miƙa hannu ya kama bakinta, ya riƙa karkata da wutsiya. Ba ya kaɗa fiffike, saboda haka ni ba na cewa tashi yake yi, sulalewa ce a iska. Amma an auna wanda ya sulala mita 60, ƙasan da ya yi bai wuce mita 10 ba.

Me ya kai shi ga wannan? Abincinsa tururuwa ne da gara, waɗanda ke hawa da sauka a jikin itace. Namu idan ya ga kyanwa sai ya faɗa tsagar dutse. Shi kuwa ƙasan kurmi ce wurin haɗarinsa, gara ya tsallaka daga bishiya zuwa bishiya.

Halin dangi dai bai bar shi ba. Yadda jan gwada ke gyaɗa kai yana nuna isa, haka namijin wannan ke warware wata fata a maƙogwaro, kamar leɓen zakara, sau da yawa rawaya, don korar sauran maza da jawo mace.

Macen ce kaɗai dole ta sa take sauka. Da kai take tona rami, ta zuba ƙwai biyu zuwa biyar, ta mayar da ƙasa ta daddanne. Takan yi gadi kamar kwana ɗaya, daga nan ta haye bishiya, ba ta sake waiwayarsu.