Igiyar Andon: Lacca kan Tsoro da Amana a Wurin Aiki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Jama'a, idan ana so a gane ko wurin aiki lafiyayye ne ko kuwa ya ruɓe, a wurina tambaya ɗaya ta isa: me yake samun ƙaramin ma'aikaci ranar da ya buɗe baki ya ce an yi kuskure?

Bari in kai ku garin Fremont na jihar Kaliforniya a Amurka, inda kamfanin General Motors yake da masana'antar haɗa motoci wadda ta yi ƙaurin suna. Ana shan barasa a bakin aiki, sau da yawa mutum ɗaya cikin biyar ba ya zuwa, kuma wanda oga ya ɓata wa rai yakan jefa kwalbar lemo cikin ƙofar mota domin ta riƙa ƙara a kunnen mai saye. Dokar manya kuwa ita ce kada a tsayar da layin haɗa motoci, ko da an ga ɓarna ƙiri-ƙiri. A 1982 aka rufe ta.

A 1984 Toyota ta haɗa hannu da General Motors suka sake buɗe ta da sunan NUMMI, kuma abin da nake so ku riƙe shi ne, mafi yawan waɗanda aka ɗauka su ne dai tsofaffin ma'aikatan nan da aka ce ba sa jin magana. An tura ɗaruruwa daga cikinsu masana'antar Toyota ta Takaoka a Japan, inda suka tarar da igiya rataye kusa da kowane ma'aikaci, wadda ake kira andon. Idan noti ya ƙi ɗauruwa sai ka ja ta, fitila ta kunnu, shugaban rukuni ya taho da sauri domin ya taimake ka, idan kuwa gyara bai samu ba layin ya tsaya, ba tare da kowa ya ci mutuncinka ba. Ba a daɗe ba fashin zuwa aiki ya ragu ƙwarai, motocinsu suka shiga sahun gaba wajen inganci a kamfanin General Motors.

Wannan labari yana taɓa ni, domin na taɓa aiki a wani ofis inda na ga akawu ya gano kuskure a lissafin albashi, ya tsaya a ƙofar oga da fayil a hammata, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa, sai ya tuna tsawar da aka daka wa abokinsa a gaban jama'a, ya juya ya koma teburinsa. Wata uku masinjoji suna karɓar albashi da giɓi kafin maganar ta fito.