Gyaran Lotsewar da Hannu Ba Ya Kaiwa Bayanta

(Lacca ga masu gyaran jikin mota a Katsina, an rubuto ta daga faifan murya)

Assalamu alaikum. Iyayenmu a sana'a, iyayen gida da yaran gareji, barkanmu da zuwa.

Maganarmu yau kan lotsewar da ta faɗa inda ƙarfe yake riɓi biyu ce: gefen baya saman taya, dokin ƙofa na ƙasa, ginshiƙai da bakin rufi. A nan ne wasu ke huda jiki, su ɗaura sukuru su fizga, su lafta fila, wato ƙullun cike lotsewa. Don Allah a daina. Ƙarfen jikin mota kaurinsa bai cika milimita 1 ba. Huda ɗaya, damina ɗaya, tsatsa ta kumburo fenti daga ciki.

Kafin komai, nemi hanyar kaiwa bayan ƙarfen. Cire fitilar baya, akwai rami. Ɗaga robar cikin mazaunin taya. In ƙofa ce, sauke gilashi, sa kariya a kansa, ka zura sandar turi ta saman. Sau da yawa hanyar tana nan, gaggawa ce ke ɓoye ta.

In babu, kuma fenti bai fashe ba, sai jan gam. Goge wurin da sifirit har maiƙo ya fita. Zaɓi maɓallin roba wanda bai kai faɗin ramin ba, sa masa gam mai zafi, ɗora shi ba tare da ka matse gam ɗin ya tsere ba, ka ba shi 'yan mintuna. To, a nan yanayinmu ke shigowa. A zafin ranar Afrilu jikin mota ya yi zafin da gam ba zai daskare ba, sai ya yi ta miƙewa, don haka a shiga inuwa. Da sanyin safiyar hunturu kuwa gam na ɓallewa, fenti na tsagewa. Ɗumama wurin har ya yi ɗumin da tafin hannu zai jure. Kuma a tambayi mai mota ko an taɓa sake fenti, domin sabon fenti da fila sukan biyo gam su ɓamɓaro.

Ku riƙe wannan da kyau: ramin ba shi kaɗai ba ne ciwon. Ƙarfen da aka danna ya tattaru a gefe ya yi tudu, tudun ne ke riƙe da ramin. Ja maɓallin kaɗan, ka riƙe, ka bubbuga tudun a hankali da sandar roba, ƙarfe zai koma da kansa. Fizga ɗaya mai ƙarfi ƙoƙo take fito da shi, aiki ya zama biyu. Ɗiga sifirit a gefen maɓalli ya saki, duba da fitila a karkace, sake da ƙaramin maɓalli.

In fenti ya riga ya tafi, ko karyewar mai kaifi ce, sai injin liƙa ƙusa, mai walda ƙusoshi a jikin ƙarfe don a ja su. Cire kan batir. Goge har farin ƙarfe, maƙala wayar as, wato wayar injin da ake haɗawa da jikin mota, kusa da wurin. Jera ƙusoshin bisa layin karyewar, fara ja daga marar zurfi, mafi zurfin ya zo ƙarshe. Wuta in ta yi yawa sai ta huda. A san abin da ke baya: bututun mai na bin gefen baya, wayoyi da jakar iska na bin ginshiƙai da bakin rufi. A gwada maganaɗisu tukuna. In bai kama ba wataƙila alminiyam ne, ƙusar ƙarfe ba ta zama a kansa.

In wurin yana ɓas-ɓas idan ka danna, ƙarfe ya miƙe. Ɗiga masa zafi ɗan tabo kaɗan, ka sanyaya nan take, ya tsuke. Fila kada ta wuce milimita 3.

Abin da aka fi mantawa: kowace ƙusa ta ƙone shafen kariyar da ke bayan ƙarfen. Zura siririn tiyo ta ramin magudana, ka fesa kakin hana tsatsa, sannan ka tabbata ramin bai toshe ba.