Daga Gidan Biki Zuwa Rediyon Duniya: Mawaƙan Indiya Mazauna Ƙetare

(An rubuto wannan daga faifan wata lacca da aka yi wa ɗalibai masu nazarin kiɗa da waƙa. An bar maganar yadda ta fito daga bakin malamin.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na baya kuna ji na? To madalla. A ɗan ɗaga mini lasifikar nan. Yauwa.

Shugaban zama, malamai, ɗalibai, barkanmu da warhaka. An ce in yi magana a kan mawaƙan Indiya da ke zaune a ƙasashen waje, da yadda suke gauraya kiɗan iyayensu da na Turawa da na sauran duniya. Na kasa maganar gida huɗu: yadda suka bar gida, sai mutanen Karebiyan, sai na Ingila, sannan na Amurka da Kanada. Mai riƙe da agogo ya riƙa yi mini alama, don an san halina.

Na farko, a gurguje. Indiyawa ba tashi ɗaya suka yi ba. Da Ingila ta hana bauta a ƙasashen da take mulka, masu gonakin rake suka rasa ma'aikata, sai aka shiga ɗebo leburori daga Indiya bisa yarjejeniyar shekara biyar. An kai su Guyana a 1838, Trinidad a 1845, Suriname a 1873, ba a daina ba sai 1917. Yawancinsu 'yan Bihar ne da gabashin Uttar Pradesh, masu jin Bhojpuri. Ayari na biyu bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi, mutanen Punjab ne suka nufi masana'antun Ingila. A 1972 Idi Amin ya ba Indiyawan Uganda kwana 90 su tattara nasu ya nasu, da yawa suka sauka Ingila. Amurka kuwa sai da ta sauya dokar shige da fice a 1965 likitoci da injiniyoyi suka fara kwarara. Ku riƙe wannan, domin lebura da likita ba waƙa ɗaya suka tafi da ita ba.

Na biyu, Trinidad. A can, in za a yi aure, akwai daren da mata ke keɓewa su yi ta waƙoƙin habaici da zolaya, irin waɗanda ba a yi a gaban suruki. Wani bawan Allah, Sundar Popo, ya tashi yana jin irin waɗannan waƙoƙi, wajen 1970 ya fito da salon fili, ya haɗa Bhojpuri da Turancin titi na Trinidad. Kayan kiɗansa uku ne: ƙaramar ganga dholak, da harmoniyam, da wani dogon sandan ƙarfe da ake bugawa da lanƙwasasshen ƙarfe, dhantal. Wannan shi ne kiɗan chutney. A 1987 wata mata, Drupatee Ramgoonai, ta ɗora shi a kan soca, kiɗan baƙaƙen fatar tsibirin, ta hau dandalin bikin kanibal. Dattawa suka yi ca a kanta, wai 'yar Indiya ta zubar musu da mutunci. Yau chutney soca har gasarsa ake yi duk shekara. Shi ke nan, mu wuce, don inda nake son zuwa yana gaba.

Ingila. To nan fa ku gyara zama.

Akwai wata unguwa a yammacin Landan, Southall, kusa da filin jirgin Heathrow. A shekarun 1950 da 1960 mazan Punjab suka cika ta, suna aiki a masana'antar roba da filin jirgi. A Birmingham kuma suna gaban wuta a ma'aikatun narka ƙarfe. Da farko gwauraye ne, daga baya iyali suka iso, aka fara haihuwa, aka fara aure. To in an yi aure wa zai yi kiɗa? Nan maganar take. Ni a nawa ganin, kuma zan maimaita har ku gaji, wannan gauraye ba a ɗakin ɗaukar waƙa aka ƙirƙiro shi ba, ba kuma don a burge Bature aka yi shi ba. A gidan biki aka haife shi. Ga tsoho yana son ya ji ƙauyensu, ga jikansa da aka haifa a Landan yana son ya ji irin abin da ke tashi a rediyo, kuma zaure ɗaya aka kama haya, makaɗa ɗaya aka biya. Makaɗin da ke son a sake kiransa dole ya tayar da su duka biyun.

Shi bhangra asalinsa rawar manoma ce, ta maza, lokacin girbin alkama, a bikin Vaisakhi cikin watan Afrilu. Gangarsa dhol, mai fuska biyu, ana rataya ta a wuya. Hannu ɗaya na riƙe da ƙaton gula mai lanƙwasa yana dukan ɓangaren da ke gurnani, ɗayan na riƙe da siririyar tsumagiya tana tsawa a ɗaya fuskar. In aka buga ta a rufaffen zaure, a ƙirjinka za ka ji ta kafin kunne. Sai kuma tumbi, ɗan ƙaramin abu mai tsirkiya ɗaya tal. Wanda ya san kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos ya san abin da tsirkiya ɗaya ke iya yi a hannun gwani, to ku ɗauka ɗan uwansa ne ya yi ƙaura.

A 1977 aka kafa ƙungiyar Alaap a Southall, Channi Singh ne mawaƙinsu. Suka ajiye dhol da tabla, ƙananan ganguna biyu da ake kaɗawa da yatsu, kusa da jita da fiyano mai lantarki, suka saka bugun disko a ƙarƙashi. A Birmingham ga Malkit Singh. Amma akwai wata mata da ba a cika ambata ba, kuma ina so ku rubuta sunanta: Mohinder Kaur Bhamra. Daga Kenya suka zo Ingila. Tana waƙa a gidajen biki a zamanin da maza ne ke rawa, mata na gefe suna leƙe. Ita ce ta riƙa kiran mata su fito fili su taka. Ɗanta Kuljit Bhamra, da aka haifa a Nairobi, shi ke mata tabla tun yana yaro, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu haɗa faifan bhangra a Ingila. Kun ga gidan biki kuma? Na ce zan maimaita.

(Dariya)

Sannan kaset ɗinsu ba a manyan kantunan Turawa ake sayarwa ba. A shagon mai kayan yaji da na mai sari ake saye. Su kuwa masu lissafin waƙoƙin da suka fi kasuwa ba sa leƙa irin waɗannan shaguna, don haka sai mutum ya sayar da kaset tuli amma a takarda babu shi. Shekara da shekaru ana haka.

Ga wani abin dariya. Iyayen nan ba sa barin 'ya'yansu fita da dare, musamman mata. Sai masu shirya casu suka ce to a yi da rana mana. A ƙarshen shekarun 1980 aka riƙa kama gidajen rawa da tsakar rana, ranar makaranta. Yarinya ta fito gida da kayan makaranta, kayan ado na cikin jaka, ta sauya a banɗaki, a sha rawa, kafin magariba ta dawo gida da littafi a hannu, salin alin. Kai ɗan samari na layi na uku, na ga kana rubutawa da sauri. Wannan ba ya cikin jarrabawa.

(Dariya)

Kuma ku lura da maƙwabta. Idan an ce "sun haɗa da kiɗan Yamma", mutane na zaton kiɗan Bature farar fata ake nufi. Sau da yawa ba haka ba ne. Ɗan Punjab a unguwar Handsworth ta Birmingham, maƙwabcinsa ɗan Jamaika ne. Makaranta ɗaya, titi ɗaya, wariyar da ake nuna musu ma kusan ɗaya. Reggae yake ji ta bango. Daga nan Steven Kapur ya fito, wanda duniya ta sani da Apache Indian, an haife shi a 1967, yana zuba waƙa da harshen Jamaika a kan bugun bhangra, yana magana a kan auren haɗi da iyaye ke ƙullawa. Daga nan Birmingham ɗin Bally Sagoo ya riƙa ɗaukar tsofaffin waƙoƙin fim yana sa musu sabon bugu, har a 1996 waƙarsa ta Hindi ta hau jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Ingila.

Sai Panjabi MC na Coventry. Ya ɗauki tumbi, ya ɗauki dhol, ya ɗauko gurnanin kiɗan wani shirin talabijin na Amurka na shekarun 1980, mai baƙar motar nan da ke magana, ya haɗa. Waƙar ta fito a 1998, ta yi shekaru tana yawo a gidajen biki, sannan ta fashe a Jamus, ta kai ta biyar a Ingila a farkon 2003, Jay-Z ma ya zo ya ɗora muryarsa. Ko ba ku san sunanta ba kun taɓa jin ta, na rantse. Amma muryar da ke rera ta ba ta Panjabi MC ba ce. Labh Janjua ne, mawaƙi daga Punjab. Mutum nawa suka san shi? Wannan abu yana damuna.

A na nawa muke? Na uku ko? To akwai na uku da rabi. Ba kowa ne ya bi ta rawa ba. Sheila Chandra, haifaffiyar Landan, ba ta kai shekara 18 ba ta fito a talabijin ɗin Ingila sanye da sari a 1982, tare da ƙungiyar Monsoon. A shekarun 1990 ta ajiye kusan dukkan kayan kiɗa, ta bar murya da amo guda da ke gudana a ƙasa ba ya sauyawa. Nan ne wahalar aikin take. Kiɗan gargajiyar Indiya yana zaune a kan amo ɗaya, murya ce ke yawo, tana zamewa daga wannan sauti zuwa wancan ba tare da ta ɗaga ƙafa ba. Na Turawa kuwa ƙasan ne ke ta sauyawa, kuma fiyano ba ya zamiya, tsalle yake yi. Mai son haɗa su dole ɗaya ya sassauta. Ita Sheila sai ta gano tsofaffin waƙoƙin ƙauyen Ailan da Ingila su ma suna da irin wannan lanƙwasar murya, ta riƙa shiga ɗaya ta fita ta ɗaya cikin numfashi guda. Talvin Singh kuma ya kai tabla gidan rawar kwamfuta, ya ci kyautar Mercury, ta faifan da ya fi fice a Ingila, a 1999.

An ɗaga mini takarda. Minti biyar? Subhanallahi. To Amurka da Kanada a tsaye. Falu, wadda ta yi karatun waƙar gargajiya a Mumbai kafin ta koma Amurka, ta ci Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, a 2022 da faifan yara. Chandrika Tandon, yayar Indra Nooyi da ta shugabanci PepsiCo, ta ci tata a 2025 da tsofaffin baitocin addininsu, tare da mai sarewa ɗan Afirka ta Kudu. Raja Kumari ta Kalifoniya tana haɗa rap da ƙidayar bugu ta kudancin Indiya. Jay Sean, ɗan asalin Indiya haifaffen Landan, ya kai na ɗaya a Amurka a 2009, amma a waƙar babu ko ƙamshin Indiya, don haka ni ba na sa ta a lissafi. A Kanada, biranen Brampton da Surrey sun zama cibiyar waƙar Punjab: AP Dhillon, Karan Aujla, da Sidhu Moose Wala da aka harbe a Punjab a Mayun 2022. Yanzu abin da aka haɗa a Kanada shi ake rawa da shi a bikin Delhi. Na huɗu kuma... ai wannan ne na huɗun. To tambaya. Malama, bismillah.

Wata ɗaliba: Malam, Allah ya ƙara basira. Shin wannan gaurayen ba kashe al'adarsu yake yi ba? Don mu ma nan kullum ana zagin mawaƙan finafinanmu cewa Indiya suke kwaikwaya.

Amin, na gode, 'yata. Bari in tambaye ki: harmoniyam ɗin nan da kike gani a gaban kowane mawaƙin Indiya, na ina ne? Daga Turai ya zo a ƙarni na 19. Indiyawa suka mayar da shi na zaman ƙasa, hannu ɗaya na zuga, ɗaya na dannawa. Masu kishin gargajiya suka ƙi shi saboda ba ya zamiyar nan da na faɗa, har gidan rediyon gwamnatin Indiya ya hana sa shi daga 1940 zuwa 1971. Yau ki je ki ce musu baƙo ne ki gani. Gogen Turawa ma ya shiga kiɗan kudancin Indiya tun wajen 1800, a zaune suke goga shi, kansa a jingine da ƙafa. To wace gargajiyar za a tsare, ta kafin harmoniyam ko ta bayansa?

Batun namu kuwa, ba 'yan fim kaɗai ba ne. A Kano akwai masu bandiri da ake kira Ushaƙu Indiya, suna ɗaukar karin waƙar fim ɗin Indiya su cire kalmomin su zuba begen Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Masana sun yi rubutu a kansu. Abin da zan ce a duba shi ne: wanda ya ara, ya ƙara wani abu nasa ko kwafa kawai ya yi? Kuma ya ambaci mai shi? Shi ya sa na kawo Labh Janjua.

Af, kin ma tuna mini. Akwai Kiran Ahluwalia, an haife ta a Indiya, ta girma a Toronto, mawaƙiyar ghazal ce, wato waƙoƙin bege da soyayya. Ta ji jitar Buzaye ta kamu, ta nemi Tinariwen, mutanen arewacin Mali, suka yi aiki tare a faifanta na 2011. Waƙar ƙawwali ta Sufayen Pakistan suka ɗauka, ita tana rerawa, su suna amshi da jita da tafi irin na hamada. Ku nemo shi kafin zama na gaba, ku saurari tafin da kyau, ku zo ku gaya mini na waye, na Punjab ne ko na Kidal, yankin su Tinariwen, don mun yi musu da wani abokin aikina har yau ba mu shirya ba.

Shugaba ya miƙe tsaye. To, sauran tambayoyin a same ni a waje bayan salla. Wassalamu alaikum.