Wai maƙoƙo ne kawai, in ji su

Jama'a, assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da fuskata yau, daga aikin dare na sauko a nan Manchesta, kuma raina a ɓace yake. Na kira Goggo a Anguwar Rogo ta bidiyo, mayafinta ya zame, sai ga ƙullutu a gaban wuyanta, ƙasan maƙogwaro. Tana kurɓar kunu yana hawa yana sauka. Muryarta kuma a dishe. Na ce, "Goggo, tun yaushe?" Wai tun kafin azumi, wai sanyin Jos ne, wancan kuma maƙoƙo ne, ba ya ciwo.

To ai rashin ciwon ne ya tayar min da hankali! A wurin nan akwai wata halitta mai siffar malam-buɗe-littafi, likitoci na ce mata tayirod, kuma kansarta haka take shigowa, shiru. Gaskiya yawancin irin wannan ƙullutu ba kansa ba ne, sama da 90 cikin 100. Amma da ido ba a bambancewa, gwajin jini ma sau da yawa lafiya lau yake fitowa. Sai an yi sikanin, in ya kama a tsotso ɗan abin ciki da siririyar allura. Wannan kansa mu mata ta fi kamawa, kusan ninki uku na maza.

A nan, murya ta dishe sati uku, likita ba zai sallame ka da maganin mura ba. Ko da yake ba kyauta ba ce, fam 1,035 nake biya na lafiya duk shekara kan biza.  

Na riga na ce wa Yaya ya kai Goggo JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, can Lamingo, kuɗin mota a wuyana.

Ke 'yar'uwa, in ƙullutun ya yi tauri, yana girma, ko tuwo na tsaya miki, ko numfashi na yi miki wuya, ko kaluluwa ta fito a gefen wuya ta ƙi sauka, don Allah kar ki bari wanzami ya tsaga. Nau'in kansar tayirod da ya fi yawa yana jin magani sosai. A yi tiyata a cire, in an cire tayirod ɗin duka ki riƙa shan ƙwaya ɗaya kowace safiya kafin ki karya.