Baƙar ƙasar Indiya da ta cinye min takalmi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar iskar nan da kuke ji, na manto ɗan soson makirfon ɗina a ɗaki a Pune, sai da jirgin ƙasa ya tashi na tuna. Yau ba a gari nake ba, na fito ƙauye, muna cikin gundumar Solapur a jihar Maharashtra, wajen kilomita 250 daga Pune, tafiyar awa huɗu haka a jirgi sannan muka hau babur. Gonar su abokina ce, ɗan makarantarmu, shi harkar noma yake karanta ni kuma kun san haɗa magunguna ya kawo ni ƙasar nan, to yau dai ni ne ɗalibi.

Bari in sauke kyamarar ƙasa ku gani. Kun ga wannan tsagar? Ba rami aka tona ba wallahi, ƙasar ce ta dare da kanta. Ga hannuna, ya shige har wuyan hannu, kuma wai yanzu Janairu ne ba a yi komai ba, sai watan Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40, a lokacin tsagar kan yi zurfin da ya kai mita guda a wasu wuraren. Wayarka ta suɓuce ta faɗa ciki sai dai ka nemo sanda. Ga ɓangaren da na ɓalle, ku ji ƙararsa, kamar bulo, in aka jefe ka da shi sai an kai ka kemis.

Amma ni ba haka na fara saninta ba. Zuwana na farko a watan Yuli ne, an yi ruwa da daddare, da safe na ce zan zaga gona, baban abokin nawa ya kalli silifas ɗina ya yi dariya bai ce komai ba. Af, su nan "kaka" suke ce wa ƙanin uba ko duk wani dattijo da kake girmamawa, ni ma Kaka nake ce masa, abin ya zo min daidai da bakina. Taku biyar na yi jama'a, kowace ƙafa ta ɗauki laka kamar an ɗaura min turmi, na ɗaga ƙafar dama silifas ya ce shi ya zauna, na sunkuya zan ciro shi ta hagu ta zame, sai ga ni zaune daɓas. Ɗaya na samu, ɗayan har yau yana cikin gonar nan, ƙila yana ƙarƙashin dawar can. Ba irin taɓon fadamarmu ba ne da za ka ɗauraye ya fita, wannan danƙo gare ta kamar ƙaro, sai ka sa itace ka kankare.

Su da Maratanci "kali mati" suke ce mata, wato baƙar ƙasa kawai, a littafi kuma regur, wasu su ce baƙar ƙasar auduga. To ni ɗan Gumel ne, a jigawa na tashi, rairayi fari sol, a wajenmu in ka ga ƙasa ta yi baƙi to bola ce ko makwancin shanu, taki ne ya ratsa ta. Shi ya sa ranar da na fara ganin gonakin nan ta tagar jirgi, baƙi ƙirin har iya ganinka, na ce kai mutanen nan Allah ya kashe ya ba su, ko buhu ɗaya na yuriya ba za su saya ba. Abokina ya ce ina! Suna saya, sosai ma. Baƙin nan ba na taki ba ne, ruɓaɓɓen ganye da ke cikinta ko kashi 1 cikin 100 bai cika kaiwa ba, baƙin ya fito ne daga sinadaran ƙarfe na dutsen da ya haife ta da yadda ɗan takin da ke ciki ya manne da yumɓun. Tana da farar ƙasa, tana da ƙarfe da maganiziyam, amma naitirojin da fosfaras ta yi ƙaranci. Kun ga waɗannan ƴan fararen tsakuwoyin da ke ciki? Dunƙulen farar ƙasa ne, kankar suke kiransu.

Dutsen kuma ga shi can, bari in juya, kun ga wancan tudun mai shimfiɗaɗɗen kai kamar tebur. Duk yankin nan, tudun Dekkan, narkakken dutse ne da ya tsattsafo daga cikin ƙasa wajen shekara miliyan 66 da suka wuce, ya malala ya daskare, wani ya sake malala a kansa, hawa hawa, har ya rufe fili kusan murabba'in kilomita 500,000, fiye da rabin Najeriya kenan fa. Baƙin dutse ne, basal. In kana tafiya daga Mumbai zuwa Pune za ka ga duwatsun kamar matakalar bene, layi layi. Rana da ruwa suka yi ta cin sa har ya zama wannan yumɓun. Shi ya sa za ka same ta a mafi yawan Maharashtra, da Malwa a Madhya Pradesh, da sassan Gujarat, da arewacin Karnataka, har Telangana.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauko kyamara na dawo. Ku kalli dawar nan, ta fi ni tsawo, zangarniya ta cika, ganye shar. Rabon gonar nan da ruwan sama tun watan Oktoba. Ba bohol, ba injin ban ruwa, ba komai. An shuka ta ƙarshen Satumba, za a girbe ta a Fabrairu, duk tsawon lokacin nan ruwan da ƙasar ta sha da damina take tsotsa. Na sa an ɗan tona min nan, sama busasshe ƙayau, amma ku ga ƙasa kaɗan, kamar kamu biyu, ga sanyi, ga danshi, har tana mulmuluwa a hannu. A gonarmu ta gida in ruwa ya ɗauke kwana goma sha biyar gero ya fara naɗe ganye, Baba ya fara kallon gabas. Wannan kuwa randa ce, arzikinta ba taki ba ne, riƙon ruwa ne. Rabinta ko fiye yumɓu ne zalla, irin yumɓun da in ya sha ruwa yake kumbura in ya bushe ya tsuke, kumburin ne ya kama min takalmi, tsukewar ce ta ba ku tsagar da kuka gani.

Kuma ruwan nasu ba wani mai yawa ba ne, kar ku ga ana nuna ambaliyar Mumbai a labarai ku ɗauka ko'ina haka yake. Daminarsu Yuni zuwa Satumba, hadari daga teku yake tasowa ta yamma, sai ya ci karo da jerin duwatsun Ghat, ya zazzage kayansa a can. Garin Mahabaleshwar da ke kan dutsen ruwansa kan haura milimita 5,000 a shekara, amma kafin iskar ta gangaro nan ta zama fanko, Solapur da ƙyar take samun 600 zuwa 700, kusan irin namu na Gumel ko Katsina. Kuma nan Satumba ne watan da ruwa ya fi ƙarfi. To kun ga dabarar, maimakon su yi caca da ruwan farko, da yawa sai su bar gonar ta yi ta sha, in damina ta zo ƙarshe su shuka dawa a kan abin da ta tara.

Da na ga haka sai kawuna ya faɗo min a rai, ya yi zaman Dikwa shekaru yana fatauci, shi ke ba mu labarin firgi, baƙar lakar can, da masakwa, dawar da ake dasawa bayan ruwa ya janye, a girbe ta da sanyi, mu muna yara muna ganin kamar tatsuniya yake mana, wai dawa da rani. Ashe dangin ƙasar nan ce, ta Dikwa da Marte da Ngala, ita ce karal ta arewacin Kamaru, ita ce ta Jazira a Sudan inda ake auduga. Masana sunan gida ɗaya suke sa su, batisol. Bambancin, namu na Borno dashe ake yi, a huda rami a zuba ɗan ruwa a sa tsiron, su nan iri suke shukawa kai tsaye, kuma ta tafkin Chadi laka ce da ruwa ya kwantar, ba daga basal na ƙarƙashinta ta fito ba. Na nuna wa Kaka hoton gonar masakwa a waya, ya daɗe yana kallo, ya ƙi yarda ba Indiya ba ce.

Wani abin kuma, wai ƙasar tana yi wa kanta huɗa. Da rani ɓurɓushin sama yana zubawa cikin tsagar, ruwa ya zo ta kumbura ta rufe, wurin ya yi mata kaɗan, sai ta turo ta ƙasa zuwa sama, a hankali a hankali tana juya kanta. Shi ya sa in ka tona ba za ka ga launi hawa hawa kamar namu ba, baƙi ne kusan bai ɗaya. Amma kar wannan ya ruɗe ku ku ce noman hutu ne. In ta bushe garma ba ta shiga, in ta jiƙe shanu ba sa iya ɗaga ƙafa, tarakta ma tutsu take yi, ƴan kwanaki ne kawai a tsakani da take yarda a taɓa ta, in ka kuskure su shikenan. Wancan ƙarfen mai faɗi da ke jingine, kulab suke ce masa, shanu biyu ke ja, ba ya nutsewa, saman kawai yake karcewa ya yanke ciyawa ya toshe ƙananan tsagu don kar danshi ya gudu.

Ba ko'ina take da kauri haka ba kuma. Mun hau tudun can ɗazu, ƙasar ko kamu ɗaya ba ta kai ba sai ka tarar da ruɓaɓɓen dutse, murum, launinta ma ya koɗe, can gero suke sawa da damina ko su bar wa awaki. Kana gangarowa tana ƙara zurfi tana ƙara baƙi, a kwarin koguna irin su Bhima da ke kusa da nan, da Godavari da Tapi, sai ta yi mita da yawa. Gona biyu na kallon juna amma kuɗinsu ba ɗaya ba.

Matsalarta, ruwa ba ya wuce ta da sauri. Inda aka samu ruwan dam, kamar na Ujani, mutane sun koma rake don ya fi kuɗi, ana ta kwarara ruwa shekara da shekaru, a wasu gonakin gishiri ya taso ya yi fari a sama kamar kanwa. Gini ma ba ta bar shi ba, ku ga bangon ɗakin ajiyar nan yadda ya tsage daga ƙasa har sama, tana ɗaga shi da damina ta sauke shi da rani. Sannan dutsen ƙarƙashin ba ya ajiye ruwa sosai, in damina ta gaza randar ba ta cika ba to babu wani wajen gudu, a 2016 sai da aka riƙa kai wa garin Latur ruwan sha a jirgin ƙasa, kuma Latur ba nisa daga nan.

Auduga da aka sa mata suna da ita ba a nan ta fi yawa ba, sai an nausa Vidarbha wajen Nagpur da Yavatmal, in Allah ya yarda za mu je.

To ga shi an kira mu, ku zo ku ga wannan. Sun tona ɗan rami sun hura wuta da busasshen kashin shanu, suna tura ɗanyar zangarniya cikin rushin, in ta gasu a murje da tafin hannu a busa. Hurda suke ce masa. Jama'a tumu ne! Tumu sak, sai dai na dawa, ga laushi ga zaƙi. Ga wani dakakken gyaɗa da barkono da tafarnuwa kamar yajin ƙuli, ga mazarƙwaila a gefe. Kaka na miƙo min, hannuna duk laka, bari in ajiye kyamarar in wanke, jirginmu ƙarfe biyar ne kuma mai babur bai zo ba har yanzu. Sai mun haɗu, wassalam.