Ruwan da ya hau tudu a birnin Perugia

Jama'a, barkanmu da war haka. Yau Italiya za mu leƙa, birnin Perugia. A babban dandalinsa, tsakanin cocin San Lorenzo da fadar majalisar gari, akwai wata maɓuɓɓugar ruwa da ake kira Fontana Maggiore, wadda aka kammala a 1278.

Baƙi sassaƙar da ke jikinta suke zuwa kallo, amma ni ina so mu fara da ruwan. Perugia a kan tudu take, kuma kun san ruwa ba ya hawan tudu don ra'ayin kansa. Daga dutsen Pacciano aka jawo shi ta bututun darma. Sai ya gangara kwari, nauyin na baya ya riƙa tunkuɗa na gaba, har ya haura cikin gari, ba inji ba komai. Boninsegna, mutumin Venis, shi ne gwanin wannan dabara, wani limamin Kirista mai suna Fra Bevignate kuma ya tsaya a kan aikin. Duk da haka ruwan bai iso ba sai 1280. An gama ado tsaf, kwano na nan a bushe!

To, sassaƙar. Nicola Pisano da ɗansa Giovanni suka yi ta a jikin kwano biyu na marmara, ɗaya bisa ɗaya; akwai kuma ƙaramin na tagulla a can sama. Kwanon marmara na sama yana ɗauke da gumaka 24, annabawa da waliyyai da manyan gari. Wannan ba sabon abu ba ne a zamanin.

Na ƙasa shi ya fi burge ni. Allo 50 ne kewaye da shi, kusan rabinsu watannin shekara ne da aikin kowane wata. A Janairu ga mutum da matarsa a bakin wuta suna ci suna sha. A Yuni ana yankan alkama da lauje, a Yuli ana sussuka. Satumba wani ya shiga baho yana tattake inabi da ƙafa, Disamba an rataye alade ana feɗewa. Sauran allunan akwai Adamu da Hauwa'u, Dauda da Jaluta, har da tatsuniyar kyarkeci da ɗan rago.

Ku lura da inda aka ajiye manomin: daidai idon mai ɗibar ruwa. Yawancin masu zuwa da tulu ba su iya karatu ba, rubutun Latin da ke jikin dutsen bai dame su ba, amma lauje kowa ya san shi.

Akwai mai tambaya kafin mu wuce zuwa birnin Siena?